Masu sa ido da yawa, yaro shi kaɗai: yadda ake duba gidajen riƙon yara a Amurka

A ƙarshen Satumba na 2022, yara kimanin 368,000 ne ke hannun riƙon gwamnati a Amurka. Riƙon nan ba irin wanda aka saba da shi a ƙasar Hausa ba ne, inda goggo za ta ɗauki 'yar ƙaninta ta tafi da ita da yardar iyaye. Alƙali ne ke raba yaro da iyayensa saboda duka, ko sakaci, ko shaye-shaye, ya danƙa shi ga hukumar walwalar yara ta jiha, ita kuma ta nema masa wurin kwana: gidan dangi, ko gidan wasu mutane da ba su san shi ba amma suna da lasisin riƙo, ko cibiya mai gadaje da ma'aikata masu karɓa-karɓa. A yawancin wuraren da ake kai shi ana biyan kuɗi a kan kowane kwana. Tunda kuɗin na gwamnati ne, yaron kuma amanarta ne, masu sa ido suka yi yawa. Cibiya ɗaya tana iya amsa tambayoyin ofisoshi shida ko bakwai a shekara guda.

Ana cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A wannan harka maganar ba ta zauna ba, domin kowane ofishi abu daban yake dubawa. Wani gini yake dubawa, wani kwangila, wani yaro guda, wani aukuwa guda, wani kuɗi. Kowa da ma'auninsa, da kundinsa, da maigidansa. A jihohi da yawa babu wanda aka ɗora wa nauyin ya haɗa waɗannan guntaye ya ce wannan wuri ya lalace, a daina kai yara. A nan matsalar take, kuma ƙara sabon mai dubawa ba ya warware ta.

Mai lasisi, wato jami'in ofishin da ke ba da lasisi, shi ne na farko. Jami'in yakan zo da takardar ƙa'idoji ya bi gida ɗaki-ɗaki: akwai na'urar jin hayaƙi a kowane hawa kuma tana aiki, akwai tukunyar kashe gobara, an kulle magunguna, bindiga tana kulle harsashi kuma a wani wuri daban, kowane yaro yana da gadonsa, idan akwai tafkin wanka an kewaye shi. Sannan ya buɗe fayil ɗin manyan gidan. Tun dokar Adam Walsh ta 2006, wajibi ne a ɗauki zanen yatsun mai neman riƙo a bincika shi a rumbun masu laifi na ƙasa, a kuma duba rajistar masu cin zarafin yara ta kowace jiha da ya zauna a cikin shekara 5 da suka wuce. Wannan aiki yana da amfani, kada a raina shi. Gobara da guba da bindiga suna kashe yara. Amma lasisi ma'aunin ƙasa-ƙasa ne. Abin da yake cewa kawai shi ne ranar da aka zo an tarar da wurin bai gaza mafi ƙarancin abin da doka ta nema ba. Bai ce ana kyautata wa yaro ba.

Akwai wani lungu a nan da mutane da yawa ba su sani ba. A jihohi irin su Teksas, gwamnati ba ita ke tantance yawancin gidajen riƙo da kanta ba. Tana ba ƙungiya mai zaman kanta lasisin raba yara gidaje, ƙungiyar ce ke nemo iyalai, ta horar da su, ta duba gidajensu, ta ba su shaidar cancanta. Jami'an jiha suna zaɓar wani kaso ne kawai na gidajen su leƙa. Ita kuwa ƙungiyar, kuɗinta yana shigowa ne gwargwadon yawan yaran da ke kwana a gidajenta. Idan ta rufe gida, ta rage wa kanta kuɗin shiga. Ke nan wanda ya fi kowa kusa da gidan, wanda ke shiga kowane wata, shi ne wanda ke asara idan ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Ƙungiyoyi da yawa suna faɗa duk da haka. Amma tsarin da ya dogara ga mutum ya yi wa aljihunsa illa ba tsari ne mai ƙwari ba. A 2017 kwamitin kuɗi na majalisar dattawan Amurka, ƙarƙashin sanatoci Orrin Hatch da Ron Wyden, ya binciki kamfanin MENTOR, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a don riba, ya gano yara 86 sun mutu a hannun kamfanin cikin shekara 10, kuma a kan 13 kaɗai ya gudanar da bincike na cikin gida. Wasu daga cikin yaran dama marasa lafiya ne ƙwarai, amma mafi yawan mace-macen ba a yi tsammanin su ba.

Na biyu shi ne mai kula da kwangila. Lasisi izinin buɗe ƙofa ne. Kwangila ce ke kawo yara da kuɗi. Jami'in kwangila yana duba ko an yi wa yaro gwajin lafiya da na haƙori a kan lokaci, ko an rubuta tsarin kula da shi, ko kuɗin da aka caja ya yi daidai da kwanakin da ya yi. Sau da yawa takardun da ya nema su ne waɗanda mai lasisi ya gani wata biyu da suka wuce, sai dai a wani fom daban. Daga nan sai jami'ar da ke riƙe da fayil ɗin yaron kansa. Dokar tarayya ta ce a ziyarci kowane yaro sau ɗaya a wata, jiha ta cika aƙalla kashi 95 cikin 100 na waɗannan ziyarce-ziyarce, rabinsu ko fiye a wurin da yaron yake kwana. Ita ce ta fi kowa damar jin gaskiya, amma idonta a kan yaro guda yake. Cibiya mai yara 16 tana iya samun jami'ai 12 daga gundumomi daban-daban, kowace ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta rubuta a fayil ɗin nata yaron, babu wadda ta san sauran sun ga irinsa. Kuma ƙididdigar ziyara ba ta nuna ingancinta. Minti 10 a falo, mariƙiya na zaune a gefe, ana ƙirga shi ziyara. Wani lokaci ma ko zuwa ba a yi ba: a Miami, sai a Afrilun 2002 hukumar jihar Filorida ta gane cewa yarinya 'yar riƙo mai suna Rilya Wilson ta ɓace fiye da shekara guda, alhali takardun jami'arta na nuna ana ziyartar ta.

Sama da waɗannan akwai kotu, wadda ita ko wani kwamitin bita ke duba lamarin yaro aƙalla duk wata 6 tare da zaman yanke makomarsa cikin wata 12, da lauyan yaron ko wakilinsa na sa-kai. Idan cibiyar tana karɓar kuɗin jinya daga shirin Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, hukumar lafiya ta jiha tana da nata ƙa'idojin, musamman kan danne yaro da kulle shi a ɗaki. Dokar Family First ta 2018 ta ƙaro wani hawa: gwamnatin tarayya ba za ta biya kuɗin zaman yaro a cibiya fiye da mako 2 ba sai cibiyar ta cika wasu sharuɗɗa, ciki har da samun shaidar wata ƙungiyar tantancewa mai zaman kanta, da ma'aikatan jinya da za a iya samu dare da rana, da tantance yaron cikin kwana 30, da amincewar alƙali cikin kwana 60, da bibiyar yaron wata 6 bayan an sallame shi. A jihohi kamar Kalifoniya, Ohayo da Niyok kuma, gundumomi ne ke tafiyar da aikin yau da kullum, jiha na sa ido daga sama, don haka cibiya guda tana iya riƙe da kwangilar gundumomi goma, kowace da nata sharaɗin.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne ranar da wani abu ya faru. A ɗauka cewa da misalin ƙarfe 9 na dare wani yaro ɗan shekara 14 ya tayar da hankali, ma'aikata biyu suka danne shi a ƙasa, ya tashi da targaɗe a hannu. Kafin gari ya waye, cibiyar za ta kira layin kai rahoton cin zarafi, ta sanar da ofishin lasisi, ta cika fom ɗin aukuwa na kwangila, ta sanar da jami'ar yaron, idan raunin ya yi tsanani kuma cibiyar jinya ce ta sanar da hukumar Medicaid da ƙungiyar kare haƙƙin masu naƙasa ta jihar. 'Yan sanda ma suna iya shigowa. Yanzu a duba tambayar da kowa zai yi. Mai binciken cin zarafi yana son sanin ko wani ma'aikaci takamaimai ya ci zarafin wannan yaro, kuma a yawancin jihohi ma'auninsa shi ne rinjayen hujja. Ɗan sanda yana neman laifin da za a iya tabbatarwa a kotu ba tare da wani kokwanto ba, wanda ya fi wuya nesa. Mai lasisi yana tambaya ko an keta wata ƙa'ida, misali ko ma'aikatan suna da takardar horo kan danne yaro, ko adadinsu ya kai abin da doka ta ce a wannan sa'a. Sakamakon da aka fi gani shi ne: 'yan sanda su ce babu ƙarar da za a shigar, mai bincike ya ce ba a iya tabbatarwa ba saboda maganar yaro ta saɓa da ta manya biyu kuma kyamara ba ta kai wannan lungu ba, mai lasisi ya rubuta laifin cewa an makara wajen cika fom. Cibiyar ta kawo takardar alƙawarin gyara, aka rufe fayil uku. Kowa ya yi aikinsa daidai da littafinsa. Tambayar da ba wanda ya yi ita ce: sau nawa aka danne yara a wannan ɗaki cikin wata 6, kuma hannun wa ke yawan fitowa a ciki?

Shi kuma yaron an yi masa tambayoyi sau uku ko huɗu, mutane daban-daban, ranaku daban-daban. Duk wanda ya yi aiki da yara ya san abin da ke biyo baya. Labarin yakan canza kaɗan a kowane karo, sai a ce yaron ba ya faɗin gaskiya. Ko kuma ya gaji ya yi shiru, musamman da yake da daddare hannun waɗannan ma'aikatan zai koma. Saboda irin wannan ne aka buɗe cibiyar farko ta yi wa yara tambayoyi sau ɗaya a gaban ƙwararre a Huntsville ta jihar Alabama a 1985, inda sauran jami'ai ke saurare daga wani ɗaki. Tsarin ya bazu a ƙasar, sai dai an fi amfani da shi a manyan zarge-zarge kamar na fyaɗe, ba a irin targaɗen nan ba.

Teksas ce ta fi nuna wannan ciwo a fili, domin an shafe shekaru ana tone shi a kotu. An shigar da ƙarar a 2011 a madadin yaran da suka daɗe a riƙo. A Disamban 2015 mai shari'a Janis Graham Jack ta kotun tarayya ta yanke cewa jihar ta keta haƙƙin da tsarin mulki ya ba yaran. Cikin abin da aka bankaɗo har da cewa da hukumar kare iyali ta jihar ta sake duba wani samfuri na binciken da jami'anta suka rufe da "ba a iya tabbatarwa ba", ta tarar an yi kuskure a mafi yawansu, kuma ba a ajiye lissafin cin zarafin da yaro ke yi wa ɗan'uwansa yaro yadda ya kamata. A 2017 majalisar jihar ta sake fasalin hukumomi: sashen lasisi ya koma hukumar lafiya da walwalar jama'a, binciken cin zarafi a cibiyoyi da kwangiloli suka tsaya a hukumar kare iyali. Akwai hikima a raba su. Hukumar da ke neman gado ido rufe a kowane dare bai kamata ita ce ke yanke hukuncin rufe gadaje ba, domin buƙatarta za ta rinjayi idonta. Amma rabuwar ta zo da nata farashin: ofisoshi biyu, rumbunan bayanai biyu, shugabanni biyu, kuma kowane yana iya ɗauka cewa ɗayan ne zai ɗauki mataki. A 2017 ɗin kuma aka faɗaɗa tsarin miƙa yanki guda ga ɗan kwangila ɗaya wanda shi ma ke raba ƙananan kwangiloli yana sa musu ido, aka sami hawa na uku.

Abin da kotu ta tilasta daga baya ya cancanci a tsaya a kansa. Aka umarci jihar ta tattara tarihin shekara 5 na kowace cibiya da kowace ƙungiya: cin zarafin da aka tabbatar, laifukan lasisi, da saɓa wa kwangila, duk a lissafi guda, a kwatanta da takwarorinta. Wadda ta yi ta fin takwarorinta laifi sai a sa ta ƙarƙashin sa ido na musamman, tawagar haɗin gwiwa daga hukumomin biyu ta tsara mata gyara, a riƙa kai mata ziyarar ba-zata a kai a kai, kuma ba za a kai mata sabon yaro ba sai wani babban jami'i ya sa hannu. Wannan shi ne haɗa guntayen da aka rasa. An kuma tilasta cewa wurin da ke da yara fiye da 6 dole a sami babba a farke duk dare, har aka ci jihar tara a 2019 saboda jan ƙafa a kan haka.

Masu cibiyoyi sun koka, kuma ba duka kukansu ne na banza ba. A 2021 gadaje da yawa suka rufe a Teksas, wasu hukuma ta rufe su, wasu masu su suka ajiye da kansu suna cewa kuɗin da ake biya bai kai nauyin da aka ɗora ba. A Yulin 2021 yara sama da 400 suka rasa wurin kwana mai lasisi, suna kwana a ofisoshin gwamnati da otal-otal, jami'an da ba a horar da su wannan aiki ba suna gadinsu bayan sun gama aikin yini. An gudu daga cibiya mai laifi an faɗa wurin da babu lasisi ko kaɗan. Ba na ganin wannan hujja ce ta a sassauta wa wuraren da ake cutar da yara; wuraren da aka rufe da yawa sun cancanci rufewa tun da daɗewa. Hujja ce ta cewa duk jihar da za ta tsananta dubawa dole ta fara gina madadin tun kafin ta rufe ƙofa, ta kuma rage wa masu aiki na gari maimaicin takardu. Shugabar cibiya da ke kwashe mako guda tana haɗa fayil iri ɗaya wa ofisoshi uku, wannan makon ba ta shiga ɗakin kwanan yara ba. Shari'ar ta ɗauki wani salo a 2024: a Afrilu mai shari'a Jack ta sa tarar dala 100,000 a kowace rana saboda sakaci wajen binciken cin zarafin yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa, waɗanda wani sashe daban ne ke binciken lamarinsu, a Oktoba kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke tarar ta kuma cire Jack daga shari'ar.

Idan tsakanin ofisoshi biyu na jiha guda akwai rami, tsakanin jiha da jiha rijiya ce. Akwai yarjejeniya tun 1960 da dukkan jihohi 50 suka shiga, wadda ta ce ba a kai yaro wata jiha sai jihar da za ta karɓa ta amince. Idan gidan dangi ne ko gidan riƙo, jami'an jihar da ta karɓa ne ke kai ziyara su aika rahoto. Idan cibiya ce kuwa, ba a ɗora musu wannan nauyi ba. Jihar da ta aiko ce ke da alhakin yaron, jihar da cibiyar take ce ke da alhakin lasisi. Mai ikon rufe wurin bai san yaron ba, wanda ya san yaron yana nesa da ɗaruruwan mil kuma ba shi da ikon rufe komai. A ranar 29 ga Afrilun 2020, a cibiyar Lakeside da ke Kalamazoo a jihar Mishigan, wadda kamfanin Sequel ke tafiyarwa, ma'aikata suka danne Cornelius Fredericks ɗan shekara 16 na tsawon kusan minti 12 saboda ya jefa burodi a ɗakin cin abinci. Ya rasu ranar 1 ga Mayu. Kafin wannan rana an riga an sha samun cibiyar da keta ƙa'idoji, ana karɓar alƙawarin gyara. Akwai yaran wasu jihohi a wurin, har da na Kalifoniya, wadda ita ma tana da nata tsarin tantance cibiyoyin waje. Sai bayan mutuwar Mishigan ta yanke kwangila ta ɗauki matakin ƙwace lasisi, a Disamban shekarar kuma Kalifoniya ta janye amincewarta daga cibiyoyin waje ta dawo da yaranta sama da 100. Oregon ma, wadda a 2019 take da yara sama da 80 a wasu jihohi, ta dawo da nata.

Kamfani mai cibiyoyi a jihohi goma sha wani abu yana ganin hotonsa gaba ɗaya. Kowace jiha reshe guda take gani. Rahoton babban mai binciken ma'aikatar lafiya ta tarayya na Yunin 2024 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na jihohi ba sa iya gano maimaituwar cin zarafi a cibiyoyin da ke cikin iyakarsu ma, balle na kamfani mai rassa a waje. A Yunin 2024 ɗin dai kwamitin kuɗi na majalisar dattawa ya fitar da nasa rahoton kan wasu manyan kamfanoni huɗu masu irin waɗannan cibiyoyi.

Mai karatu zai ce to ina gwamnatin tarayya? Tana nan, amma jiha take dubawa, ba gida ba. Duk shekara 3 ana ɗaukar fayil 80 a duba ko kuɗin da jiha ta karɓa a kan yaran ya halatta: alƙali ya rubuta kalmomin da doka ta nema a umarninsa na farko? Gidan yana da cikakken lasisi a kwanakin da aka biya? An yi binciken zanen yatsu? Idan fayilolin da aka samu da kuskure sun wuce 4, jiha ta faɗi, kuma kuɗin da aka biya ba bisa ƙa'ida ba sai an mayar. Wannan ne ya sa shugabannin hukumomi ke tsoron lasisin da ya ƙare fiye da abubuwa da yawa da suka fi shi haɗari. Shi ne ke da farashi a rubuce. Akwai kuma babban bita na ingancin aiki da aka fara a 2001, mai auna sakamako 7 da ginshiƙan tsari 7. Babu jihar da ta taɓa cika su duka. Jarrabawar da kowa ke faɗuwa a kowane zagaye ba ta rarrabe mai ƙoƙari da mai sakaci.

Nauyin ƙa'idoji kuma ba a kan kowa yake sauka daidai ba. Kakar da ta ce a ba ta jikokinta uku tana iya kasa samun lasisi saboda ɗakunan gidanta ba su kai ba, ko saboda wani tsohon laifi na shekara 20 da ba ya da alaƙa da yara. Yaran za su zauna wurinta duk da haka, amma ba tare da cikakken kuɗin riƙo ba, wato gidan da ya fi buƙata shi ke samun mafi ƙaranci. A Satumban 2023 gwamnatin tarayya ta ba jihohi damar tsara wa dangi ƙa'idojin lasisi na daban masu sauƙi, tare da biyan su daidai da sauran. Gyara ne mai kyau, kuma yana nuna cewa ana iya rage takarda ba tare da rage tsaro ba, tunda binciken zanen yatsu da na rajistar cin zarafi suna nan daram.

Abin da ke aiki, inda aka gwada shi, ba sabon ofishi ba ne. Kundi guda ga kowane mai ba da riƙo, wanda dukkan hukumomi ke rubutu a ciki suna kuma karantawa, a ɗaure shi da sunan mamallaki, ba da sunan da ke kan allo ba, domin cibiya tana iya rufewa yau ta buɗe gobe da sabon suna da tsofaffin ma'aikata, gidan riƙo ma yana iya barin ƙungiyar da ta fara matsa masa ya koma wata. A cikin kundin a ƙirga har da zarge-zargen da ba a tabbatar ba. Zargi ɗaya ba hujja ba ne, amma shida a kan mutum guda daga yaran da ba su san juna ba abin dubawa ne. A fita bincike tare, a yi wa yaro tambaya sau ɗaya. A sami jami'i guda, sananne da sunansa, mai ikon dakatar da kai yara cikin sa'o'i ba tare da jiran ƙarshen shari'ar lasisi ba, wadda kan ɗauki watanni saboda mai cibiya yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara. Abin da wani ofishi ya riga ya tantance a takarda, sauran su karɓa, a mayar da lokacin da aka tsira da shi zuwa ziyarar dare da ta ƙarshen mako, lokacin da ma'aikata suka fi ƙaranci kuma shugabanni ba sa nan. A gana da yaro shi kaɗai, a waje idan zai yiwu.

Sai batun ma'aikata, wanda shi ne ya fi wuyar toshewa. A 2022 aka zargi wata ma'aikaciyar wata cibiya da ke Bastrop a Teksas, cibiyar da aka buɗe don 'yan matan da aka yi safarar su, da cin zarafin yaran da ke hannunta. Daga baya ta bayyana cewa an taɓa korar ta daga gidan gyaran halin yara na jihar saboda rashin ɗa'a da yara, amma binciken da aka yi kafin ɗaukar ta bai nuna haka ba, domin bayanin yana kundin wata hukuma daban. A 2023 majalisar jihar ta yi dokar kafa manhajar bincike guda da za ta haɗa bayanan hukumomin kare iyali, lafiya, gyaran halin yara da ilimi. Wannan ya tsaya a iyakar Teksas. Dokar Adam Walsh ta 2006 ta nemi a kafa rajistar ƙasa ta waɗanda aka tabbatar sun ci zarafin yara, amma ba a kafa ta ba, saboda jihohi sun bambanta kan ma'anar cin zarafi, da nauyin hujjar da ake buƙata, da haƙƙin wanda aka sa sunansa ya ƙalubalanta. Har yanzu jihar da ke son sanin tarihin mai neman aiki sai ta rubuta wa kowace jiha da ya ce ya zauna, ɗaya bayan ɗaya, kowace da fom ɗinta da kuɗinta da lokacin amsarta, kuma jihar da bai ambata ba ba za a tambaye ta ba.